Sauya Tayar Babbar Jif: Lambobin da Maigida Ba Ya Karantawa

Ranar Lahadi 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago na Najeriya, James Ocholi, ya rasu a hatsarin mota a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, shi da matarsa da ɗansa. Motar da suke ciki Lexus LX 570 ce, irin wadda mai hali ke saya don hankalinsa ya kwanta a kan hanya. Bayanin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fitar bayan bincike ya nuna cewa tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, direba ya taka birki da ƙarfi, motar ta ƙwace masa ta yi ta wuntsilawa. Allah ya kiyaye na gaba. Ƙarfin inji, da kaurin bodi, da tarin na'urorin da aka ƙawata motar da su, duk ba su hana komai ba tun daga lokacin da taya ta saki.

Mota irin wannan nauyinta ya kai kilo 2,700 tun kafin kowa ya shiga. In aka cika tanki, iyali suka zauna, aka loda kaya a baya, tana iya kaiwa kilo 3,300. Duk wannan nauyi, da gudun da ake yi, da birkin da za a taka, da kwanar da za a sha, a kan wurare huɗu kawai suke taɓa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Amma a gidajen da ake ajiye irin waɗannan motoci, maigida shi ke zaɓen launi, shi ke zaɓen kujeru, shi ke tantance shekarar ƙira. Ranar da taya ta cinye kuwa, sai ya miƙa wa direba kuɗi ya ce a je a sa sababbi. Direba ya nufi Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ko Apo in a Abuja ne, ya tambayi abu uku: akwai wannan lambar, wane kamfani ne, nawa ne. Ba laifinsa ba ne, iyakar abin da aka nuna masa ke nan. Sai dai tambayoyin nan uku ba su taɓa abubuwan da ke sa tayar babbar mota ta fashe ba.

Mu ɗauki abin da aka rubuta a gefen tayar Land Cruiser 200, wadda aka fi kira V8: 285/60R18 116V. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu, 60, tana nufin tsayin gefen taya kashi 60 cikin 100 ne na faɗinta, wato milimita 171 daga bakin rim zuwa inda zane ya fara. 18 kuma girman rim ne da inci. Nan mafi yawan masu saye da masu sayarwa ke tsayawa da karatu. Abin da ya rage, 116V, shi ake tsallakewa, alhali shi ne ya fi shafar rai. Lambar 116, wato lambar kaya, na nufin tayar za ta iya ɗaukar kilo 1,250. Da a ce 112 ce, kilo 1,120 ne. 110 kuwa kilo 1,060. Harafin ƙarshe iyakar gudun da aka gwada tayar a kai ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300.

Mai saurin lissafi zai ce kilo 1,250 sau huɗu ai 5,000 ne, motar kuma ba ta kai haka ba ko da an cika ta maƙil, don haka ko an sauko da lamba biyu ko uku ba komai. Lissafin ya manta da yadda nauyi ke zama a mota mai tafiya. Ba a raba shi daidai wa daida. In an cika kujerun baya aka jibga kaya, tayoyin baya ne ke shan wahala. In an sha kwana da gudu, nauyin na komawa kan tayoyi biyu na gefe ɗaya, kuma jif da yake doguwa ce ta fi ƙaramar mota karkata. In an faɗa rami, taya ɗaya ce ke karɓar dukan. Bayan haka, kilo 1,250 ɗin nan sai da cikakkiyar iska taya ke ɗaukarsa. Iska na raguwa, ƙarfin ɗaukar kaya na raguwa. Rarar da kamfani ya bari ta irin waɗannan lokuta ce, ba kyauta ba ce da za a cinye a wajen ciniki.

Inda abin ke ruɗa mutane shi ne, tayoyi biyu na iya zama girmansu ɗaya tak amma ƙarfinsu ya bambanta. Girman 275/45R21 ana samunsa da lamba 107, wadda ke ɗaukar kilo 975, ana kuma samunsa da lamba 110 da haruffan XL a gefe, alamar an ƙarfafa jikinta. Ta biyun ita ake sa wa Range Rover. Ka tsaya a shago ka dubi biyun, ba za ka bambance su da ido ba, kuma dukkansu za su hau rim lafiya lau. Mai shago in ta 107 ce a hannunsa ita zai ba ka, ya kuma rantse maka cewa lambar motarka ce, bai yi ƙarya ba a iya saninsa. An rage wa kowace ƙafa kilo 85 ke nan ba tare da kowa ya lura ba. Abin da za a bi shi ne takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko littafin motar. Lambar kaya da harafin gudu ana iya hawa sama da abin da aka rubuta a can, ba a sauka ƙasa.

Harafin gudun ma akwai rashin fahimta a kansa. Sau da yawa za ka ji an ce, ni da ba na wuce 120, me zan yi da tayar 240? Gaskiya ne ba wanda ya ce ka yi gudun 240. Amma abin da gwajin yake aunawa a zahiri shi ne yadda taya ke jure zafin da take haifarwa a jikinta. Duk juyi ɗaya, gefen taya na lanƙwashewa ya miƙe, kuma wannan lanƙwasa ita ke dafa roba daga ciki. Tayar da aka gina don ta jure gudun 240 tana da sauran ƙarfi mai yawa a gudun 120 a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa ke haura digiri 40, na kwalta kuwa ya fi haka nesa. Tayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka suna ɗauke da wani ƙarin rubutu, Temperature, sai harafi A ko B ko C. A ita ta fi jure zafi. A ƙasarmu, a kan mota mai tan uku, ban ga dalilin karɓar C ba, B ma sai in babu yadda za a yi.

Wannan magana ta zafi ta taɓa girgiza manyan kamfanoni biyu. A watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwar Amurka, mafi yawansu waɗanda ke kan jif ɗin Ford Explorer, saboda fatar zanensu na saluɓewa daga jikin taya ana cikin tafiya, motar kuma ta kife. Mutanen da aka alaƙanta mutuwarsu da lamarin a Amurka sun haura 200. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne inda matsalar ta fara bayyana. Tun a 1999 Ford ya fara sauya wa masu motar tayoyi a Saudiyya, daga baya a Benezuwela, a cikin Amurka kuma jihohin kudu masu zafi ne suka fi yawan haɗurran. Kamfanonin biyu sun yi ta jifan juna da laifi: Ford ya ce aibin a ƙirar taya yake, Firestone ya ce iskar da Ford ya rubuta, psi 26 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), ta yi kaɗan, 30 ya kamata. Ko wane ne mai gaskiya, abubuwan da suka haɗu sanannu ne a wurinmu: doguwar mota mai nauyi, ƙarancin iska, zafin rana, da doguwar tafiya da gudu. Dokar da majalisar Amurka ta yi bayan wannan rikici ita ce asalin wajabta na'urar da ke kunna fitila a gaban direba in iskar taya ta ragu, wadda ta zama dole a kan sababbin motocinsu tun daga 2007. Fitilar nan da ake mannawa baƙin salatif a kai don ta daina damun mutane, da rayuka aka same ta.

Iska kuwa, mu namu kuskuren ya fi karkata ɗaya gefen. Mai faci in ya ga babbar mota sai ya ɗura mata 45 ko 50, wai ai tana da nauyi, wani ma lambar da ke jikin taya yake karantawa, alhali waccan iyaka ce da ba a so a wuce, ba ita ce abin da motar ke buƙata ba. Land Cruiser 200 da LX 570 wajen 33 aka rubuta musu a jikin ƙofa. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke cin ƙasa, birki ya rage kamawa, motar ta riƙa tsalle a gargada, rami kuma ya fi saurin yi mata illa. Sannan akwai wata al'ada da direbobi da yawa ke ɗauka hikima ce: a tsaya a tsakiyar tafiya da rana, a auna, a ga iska ta hau, sai a sace kaɗan. Hawan nan na psi 4 ko 5 a taya mai zafi daidai ne, kamfani ya sa shi a lissafi. Wanda ya rage a lokacin ya bar tayar da ƙarancin iska, ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi. Da safe ake aunawa kafin mota ta motsa, da ma'auni na kirki da ke ajiye a cikin motar.

Sai maganar shekaru, wadda a ganina ta fi cin manyan motoci fiye da na haya. Motar haya tana cinye tayarta kafin ta tsufa. Jif ɗin Alhaji kuwa tana iya yin wata a rumfa ba ta fita ba, sai ɗaurin aure ko Sallah ko ta'aziyya. Bayan shekara shida zanen tayar na nan cif kamar jiya aka sa, kowa ya duba ya ce sabuwa ce. Amma roba na bushewa ko ana tafiya ko ba a yi, kuma zafi na gaggauta bushewar. Daɗin daɗawa, ranar da za a fito da motar ita ce ranar doguwar tafiya, cike da mutane, ana sauri a riski lokaci. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, ya ƙare da lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 3522 na nufin mako na 35 na 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana wa'azin shekara huɗu daga ranar ƙira. Kamfanin taya na Michelin na cewa a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara bayan ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take. Kamfanonin mota da dama na cewa shida. Ba saɓani ba ne sosai in aka tuna cewa goman nan iyaka ce ta duniya baki ɗaya, har da ƙasashen da rana ba ta dukan taya kamar tamu. A nan, taya mai shekara biyar a kan babbar jif ta isa a fara yi mata kallon tuhuma, mai shida kuma a sauke ta ko da zanenta na sheƙi. Wajen saye kuma, wadda ta riga ta yi shekara biyu ko uku a sito ba sabuwa ba ce, ko da ledarta na jiki.

Dalilin da ya sa dole a tsananta a nan shi ne hanyar da taya ke bi kafin ta iso mu. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙira a Legas a shekarar da ta biyo, daga nan kasuwar ta koma hannun masu shigo da kaya. A cikinsu akwai dilolin kamfani na gaskiya, akwai kuma masu cusa taya huɗu ko biyar a cikin ɗaya don kwantena ta ɗauki da yawa, abin da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kamawa. Tayar da aka murɗe haka aka zaro ta da ƙarfi, wayoyin cikinta da bakinta sun riga sun ji rauni, kuma raunin ba ya nunawa a waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci kuwa, waɗanda ake kira Beljiyam, suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a kowace kasuwa. Akwai masu ganin Michelin ta hannu ta fi sabuwar 'yar China. Kafin a yarda da wannan, a tambayi dalilin da ya sa mai ita na farko ya cire ta. Wata tsufa ta yi, wata ta daki dakalin titi, wata an yi tafiya da ita babu iska. Da yawa kuma tayoyin hunturu ne, waɗanda aka haɗa robarsu don ta yi laushi a sanyin da bai kai digiri 7 ba. Irin wannan a kan kwaltar Kano narkewa take yi a hankali, birkinta ya yi tsawo, ta cinye cikin 'yan watanni. In ka ga kalmar Winter a jiki, ko zanen ya cika da ƙananan tsage-tsage masu yawa, ka bar ta inda ka gan ta. Wanda ya iya sayen motar miliyoyi masu yawa ba shi da uzurin shiga wannan caca.

Girman rim shi ne wurin da ado da hankali ke rabuwa. Toyota ta fitar da Land Cruiser 200 da rim 17, da 18, da 20, kuma a duk ukun tsayin taya gaba ɗaya kusan ɗaya ne, wajen milimita 800. Abin da ke canzawa shi ne yawan robar da ke tsakanin rim da ƙasa: milimita 185 a kan 285/65R17, 171 a kan 285/60R18, wajen 142 a kan 285/50R20. Range Rover mai 275/40R22 kuwa 110 kacal gare ta. Gajeren gefe na sa mota ta yi kyan gani, sitiyari ya yi saurin amsawa a kan lafiyayyen titi. Amma in aka faɗa rami mai kaifin baki da gudu, taya na matsewa tsakanin rim da bakin ramin, zaren cikinta ya tsinke, washegari a ga ƙullutu ya fito a gefe. Ƙullutun nan ba ya gyaruwa, ba a yi masa faci, kuma ba a tafiya da shi. Tayar ta gama aiki ko da kwananta uku. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Maitama zuwa filin jirgi ba, rim 21 ko 22 ba zai dame shi ba. Wanda ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ko yake shiga ƙauye da damina, lokacin sauya taya dama ce ta komawa ƙaramin rim. Sharaɗi biyu ne: rim ɗin ya zama cikin girman da kamfanin motar ya amince da shi, don a wasu motocin ƙarfen birki ya yi girman da ƙaramin rim ba zai rufe shi ba, sannan tsayin taya gaba ɗaya kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin 100, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa ƙarya, na'urorin birki da na hana santsi su ma su rikice.

Akwai wata riba ta ƙaramin rim da ba a cika faɗa ba. Girman 265/65R17, da yake Prado da Hilux duk suna amfani da shi, kusan duk babban gari za ka same shi, daga Yola har Damagaram. Girman 275/50R21 na LX 570 ƙirar 2016 zuwa sama, in ya fashe maka a nesa da Legas ko Abuja ko Kano, sai dai a sa maka shi a motar haya ka kwana kana jira.

Irin zane ba ya buƙatar dogon bayani. Mai alamar H/T ta kwalta ce: shiru, laushi, birki mai kyau a ruwan sama, shan mai kaɗan. A/T ta raba ƙafa, tana jure burji da tsakuwa, amma tana da ɗan gurnani kuma birkinta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na ta farko ba. M/T mai manyan haƙora ta laka ce, a kan Lexus da ke yawo a gari kuwa ban da ƙara da jijjiga ba abin da take ƙarawa. Wasu tayoyin A/T suna zuwa da haruffan LT a gaban lamba, ma'ana ginin motar ɗaukar kaya gare su. Suna da tauri ƙwarai, amma suna son iska fiye da abin da ke jikin ƙofa, suna kashe laushin da aka sayi motar dominsa, kuma harafin gudunsu yakan sauka zuwa R ko S, wato 170 ko 180. Mutum ya dubi inda motar ke kwana da inda take wuni a mafi yawan kwanakin shekara, ba tafiyar gona ta sau ɗaya ba.

Motoci masu sulke lissafinsu daban ne gaba ɗaya. Ƙarfe da gilashin da ake ƙara musu na iya kai nauyin tan guda ko fiye, don haka takardar jikin ƙofa ta daina aiki a kansu. Kamfanin da ya yi sulken shi ke faɗin tayar da za a sa da iskar da za a ba ta, kuma yawanci akwai wani zobe a cikin rim da ke ba motar damar ci gaba da tafiya in an harbi taya. Sa wa irin wannan mota tayar Land Cruiser ta yau da kullum ganganci ne.

Jif ɗin Jamus da na Ingila suna da nasu ƙarin alamomin: tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi, N da lamba ko harafi na Porsche, LR na Land Rover. Alamar na nufin an daidaita tayar da wannan mota tun a masana'anta. In an samu mai alamar, sabuwar ƙira, madalla. In zaɓin ya zama tsakanin mai alama da ta shekara uku a sito da marar alama ta bana wadda lambar kayanta da harafin gudunta suka cika, ni ta bana zan ɗauka. BMW X5 da ire-irenta kuma sukan zo da tayar da ke iya tafiya ba iska, galibi kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, saboda haka sau da yawa babu safaya a motar. An yi wannan tsari ne don ƙasar da kowane gari ke da shagon da zai sauya maka irinta. Tsakanin Gusau da Sakkwato ya kai kilomita 200. Mai son komawa taya ta gama-gari yana iya yi, motar ma za ta ƙara laushi, amma sai ya sauya duka huɗun a lokaci guda, ya kuma nemi safaya da jak ya ajiye.

Sauya huɗu tare ba dabarar 'yan kasuwa ba ce a irin waɗannan motoci. Land Cruiser, LX, Range Rover da G-Wagon duk ƙafafunsu huɗu ke ja a kowane lokaci. Sabuwar taya da wadda ta ci rabi ba tsayinsu ɗaya ba, don haka ba sa juyi daidai, kuma giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ita ke shanye bambancin dare da rana. Gyaranta ya fi kuɗin taya biyun da aka yi tsimi. In tilas ta sa sai biyu za a saya, su zama kamfani ɗaya da zane ɗaya da na kan motar, kuma a sa su a baya. Mutane da yawa gaba suke kai sababbi, wai can ne sitiyari. Amma gaba in ya zame direba na ji a hannunsa, yana iya gyarawa. Baya in ya zame motar juyawa take yi, doguwar mota kuma in ta juya a kan gudu kifewa ke biyo baya.

Game da sunan kamfani, ba na cikin masu cewa duk taya taya ce. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, tana gwada tayoyi duk shekara, kuma tazarar tsayawa a jiƙaƙƙen titi tsakanin ta gaba da ta baya a jerin kan kai mitoci masu yawa. Michelin, Bridgestone, Continental, Pirelli, Dunlop da Yokohama ba a banza suka yi suna ba. Hankook, Kumho da Maxxis suna bin bayansu a farashi mai sauƙi, kuma a cikin kamfanonin China akwai manya masu sayarwa har Turai, akwai kuma sunayen da ba wanda ya san inda masana'antarsu take. Tayar da aka yi wa kasuwar Turai tana zuwa da takarda manne mai nuna darajar kamun jiƙaƙƙen titi daga A zuwa E, abin da ya fi rantsuwar mai shago amfani. Sai dai suna shi ne na ƙarshe a layi. Girma, lambar kaya, harafin gudu da ranar ƙira su ake fara tabbatarwa, a wurin dila mai ba da rasit ɗauke da lambobin tayar, sannan a sayi mafi kyawun sunan da aljihu ya iya.

Ɗaurin ma aiki ne da ake ɓata taya mai kyau a cikinsa. Rim ɗin alminiyam na inji ne, ba na guduma da ƙarfen ɓanɓara ba, kuma a bayan bakin iska ne ƙaramar na'urar auna iskar take zaune, bugu ɗaya ke fasa ta. Wasu tayoyin an rubuta musu Outside a gefen da zai kalli waje, wasu kuma kibiya gare su mai nuna inda za su juya. In aka juya su, zanen da aka yi don korar ruwa ba zai yi aikinsa ba. A sa sabon bakin iska, a yi balansin, a yi alaimen, musamman in tsofaffin sun cinye ta gefe ɗaya, don abin da ya ci waɗancan zai ci waɗannan. Kafin a bar wurin kuma a sauko da safaya. A Land Cruiser da LX tana rataye ne a ƙarƙashin mota, kusa da zafin kwalta da na salansa, kuma a motoci da yawa ita ce tun wadda aka zo da ita daga masana'anta, ba a taɓa auna iskarta ba. A karanta lambobinta huɗu kamar sauran. In ta haura shekara shida, tayoyin da za a saya biyar ne.